Tambaya da Amsa: Jirgin Ruwan da Ke Bayan Mahaifina

Tambaya: Baba, barka da aiki. Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe adakarsa, muka tarar da hotuna naɗe cikin tsohon rawani. A guda yana tsaye a bakin kogi, bayansa ƙaton jirgin ruwa, 'yan dako suna hawa da kaya a ka. An rubuta "Garoua 1965" a bayan hoton. 'Ya'yana sun ce wannan Duwala ce ta bakin teku, wai ta ina jirgi zai bi ya zo nan Garwa, arewacin Kamaru? Gaskiyarsu ce? Kuma yaya zan adana hotunan?
Wata mai karatu, unguwar Yelwa, Garwa

Amsa: 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki. Ki gaya wa jikokina Garwa ce, babu tantama. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya buɗi ido ya ga Binuwai da rani, rairayi ya fi ruwa yawa, masu wanki sun baza shanya a bakin gaɓa, da wuya ya yarda.

Jiragen nan daga bakin teku a Najeriya suke tasowa, su hauro kogin Kwara zuwa Lakwaja, su shiga Binuwai, su wuce Makurɗi da Yola, sannan su iso mana. Kuma ba kullum ba, sai damina ta yi nisa kogi ya cika, wajen Agusta da Satumba. Ina yaro, da mun ji jiniya sai mu ajiye allo mu ruga bakin ruwa. A sauke siminti da gishiri da gangunan mai, a loda auduga da gyaɗa ba dare ba rana, domin in ruwa ya janye jirgi ya kafe, sai baɗi. Kawuna ɗan dako ne a wurin. Yakan dawo da asuba, gammonsa jiƙe sharkaf, ƙurar auduga har cikin gira, ya miƙa wa kakata kuɗin yinin kafin ya wanke ƙafa.

Yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, shi ya fara toshe hanyar. A 1974 layin dogo ya iso Ngaundare, fatake suka karkata ga jirgin ƙasa da manyan motoci zuwa Duwala. Sai madatsar ruwa ta Lagdo da Sinawa suka gina a kan Binuwai, sama da Garwa, aka gama a 1982. Mun sami lantarki, mun gode Allah, amma daga nan cikar kogi ta koma hannun masu buɗe ƙofa. Har gobe in na hau gada na hango tsohuwar tashar, sai zuciyata ta sosu.

Batun adanawa kuwa, kada ki bari a liƙe su da roba mai zafi, in an liƙe ba a ɓarewa. Ki sa kowanne cikin ambulan na takarda, nesa da danshi da gara. Ki ɗauki hotonsu da waya a inuwa. Sannan tun da sauran tsofaffin unguwa, ki kai musu su faɗa miki waye wane, ki rubuta da fensir a baya, ban da biro.

In kin sami sarari ki aiko mini da kwafin na bakin kogin. Ina so in duba fuskokin 'yan dakon nan ɗaya bayan ɗaya, ko kawuna yana ciki.