Aikin Dare a Ingila, Ga Azumi Ya Ƙarato

Wata baiwar Allah 'yar Kano ta rubuto daga Bradford, a arewacin Ingila. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Anti, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Maigidana da yara suna Kano, bizata ba ta ba ni damar ɗauko su ba. Azumin bara yunwa kawai na sha. Ban je asham ba, ban karanta ko izu goma ba, ganin wata ma a bakin abokiyar aikina 'yar Pakistan na ji. Akwai ramuwa a kaina har yanzu. Ni da yayata ba ma ga maciji tun kan kuɗin fili da na tura mata. Ina kuma yin share-share a wasu gidaje, ana biya na a hannu. Ga Sha'aban ya kama. Ta ina zan fara?"

'Yata, Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa ki da iyalinki cikin alheri. Wannan damuwa da kike ciki ita kanta alama ce mai kyau, domin wanda zuciyarsa ta mutu ba ya kukan azumin da ya wuce.

Ki fara gane abin da ya same ki bara. A Kano ba ke kaɗai kike shirya wa azumi ba, gari ne gaba ɗaya yake shiryawa, ke kuma ki bi ayari. Tun Sha'aban gero da sukari sun tashi a kasuwa, ana surfe ana niƙa, rediyo na tallar tafsiri. In an ɗauka, ladan ya tashe ki sahur, ƙamshin ƙosai da kunun tsamiya ya gaya miki magariba ta kusa, a goma ga wata yara su fito tashe. A Bradford kuwa, duk da yawan masallatanta, a wurin aikinki ranar ɗaya ga Ramadan ranar aiki ce kamar kowace. Abin da gari yake yi miki kyauta, yanzu ke za ki zauna ki tsara shi da hannunki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ramuwa ce farko, don ita ce mai wa'adi. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta faɗa cewa takan kai Sha'aban ba ta rama ba, sai a cikinsa take biya. Saboda haka ba ki makara ba, amma ƙofa ta kusa rufewa. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, wanda ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi ba tare da uzuri ba, zai rama bayan salla, ya kuma ciyar da mudun Annabi ɗaya a kan kowace rana. Ki ƙirga kwanakinki yau, ki jera su a ranakun da ba ki da aiki. Rana gajeruwa ce yanzu a can, wannan sauƙi ne Allah Ya kawo miki. Waɗanda suka yi azumin 2015 da 2016 a Ingila, lokacin da ya faɗo a watan Yuni, awa 18 zuwa 19 suke kai wa ba ci ba sha. A Fabrairu da Maris bai wuce awa 12 zuwa 14 ba. Ramuwar kuma za ta zame miki gwaji: za ki gane me cikinki yake ɗauka da asuba, ƙarfe nawa barci yake kayar da ke.

Sai maganar yayarki, kuma a nan zan daɗe, don ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ban san wa ke da gaskiya a kan kuɗin filin ba, kuma zan iya yarda an cuce ki. Kusan duk ɗan ci-rani yana da irin wannan tabo: ka hana cikinka, ka tura, a ce maka an sayi bulo, ka nemi hoto a yi ta yi maka hanya-hanya. Amma hadisi ya inganta cewa ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis, a gafarta wa duk wanda ba ya shirka, ban da mutum biyu da ke gaba da juna, sai a ce a jinkirta musu har su shirya. Ki tsaya ki auna wannan. Ki yi ta tsayuwar dare wata guda a ƙasar sanyi, gafararki kuwa tana rataye saboda fili a bayan gari?

Shiryawa ba ta nufin kin yafe kuɗin. Haƙƙinki yana nan, kina iya sa kawu ko wani babba a dangi ya zauna a kai bayan salla, a fito da takardun fili a gani. Abin da ake nema yanzu shi ne ki karya gabar. Ki kira ta da murya, ba saƙon WhatsApp mai hoton jinjirin wata da ake tura wa kowa ba. Ki ce, "Yaya, ina wuni, ya yara, azumi ya zo, mu yafi juna." In ta amsa, alhamdu lillahi. In ta katse wayar, kin sauke naki. Ke ce ƙarama, a al'adarmu ma ke ya kamata ki fara. Nan gaba kuma, kuɗin gini daban, kuɗin zumunci daban, kowanne da shaidarsa a rubuce.

Aikin share-sharen nan, 'yata, ki bar shi. Bizar da kike kai tana ɗaure ne da kamfanin da ya ɗauki nauyinki. Doka ta yarda da ƙarin aiki har awa 20 a mako, amma a cikin sana'o'in da ta lissafa, share gidaje kuwa ba ya ciki, balle wanda ake biya a hannu ba haraji. In aka gano, ana iya soke bizar, ya kuma biyo ki ranar da kika je neman takardar zama ta dindindin. Hukuncin kuɗin da kika riga kika karɓa, wannan na malamai ne, ki tambayi limamin da ya san zaman ƙasar. Ni abin da na sani, Allah Ya ce a cika alƙawura a farkon Suratul Ma'ida, biza kuwa alƙawari ce da kika sa wa hannu. Kuma wanda kullum gabansa ke faɗuwa in an ƙwanƙwasa ƙofa, da wuya ya samu natsuwa a sujada. In albashi ba ya isa, ki nemi ƙarin awanni a wurin aikinki na asali, ko ki je Citizens Advice, ofishin da ke ba jama'a shawara, shawararsu kyauta ce.

Yanzu jadawalin aiki. Ki samu manajanku tun kafin a fitar da na watan, ki kuma bi da saƙo a rubuce. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini. Ba ta ce dole a ba ki duk abin da kika roƙa ba, amma sai an kawo dalili na gaskiya kafin a hana. Duk wanda ya yi aiki sama da awa 6 yana da hutun aƙalla minti 20, to ki roƙa a sa naki daf da alfijir, ki yi sahur a zaune, ki yi sallar asuba. Mai aikin kwana biyar a mako yana da hutun kwana 28 a shekara. Ranar salla ba hutun gwamnati ba ce a Birtaniya, don haka ki nemi kwana biyu a jere tun yanzu, da 'yan darare a goman ƙarshe. In kin karɓi aikin Kirsimeti don abokan aikinki su huta, wannan ne lokacin da za ki tuna musu cikin raha.

Kada ki raina aikin daren nan. Kina shan ruwa a gida kafin ki fita. Sulusin dare na ƙarshe, wanda mutanen gida suke kokawa da barci don su riske shi, ke idonki biyu kullum. In tsofaffin sun kwanta, an rage fitilu, kina zaune a bakin baranda kina jiran ƙararrawa, ga carbi a aljihu, ga Alƙur'ani a waya. Ki ajiye hijabi mai tsarki da ƙaramar darduma a akwatinki na wurin aiki, tunda kayan aikin ba sa rabuwa da najasa. Asham ba sai a masallaci ba, kina iya yin ta ke kaɗai, raka'a biyu-biyu, gwargwadon iko. Tsohuwar da kike juyawa a gado don kada bayanta ya yi gyambo, in kin gyara niyya, ita ma tana cikin ibadarki. Inda haɗarin yake shi ne rana: ki dawo ƙarfe 9 ki kwanta, azahar da la'asar su wuce, ga su kusa da juna a wannan lokaci. Ki sa agogo biyu, ɗaya nesa da gado. Karatu kuma kada ki ɗora wa kanki sauka uku. Ki fara da shafi biyu bayan kowace salla tun a Sha'aban. Ki zaɓi tafsiri ɗaya ki bi shi a bas, ki bar tsalle daga wannan malami zuwa wancan. In da hali, ku sa lokaci da yaranki su riƙa biya miki haddarsu ta waya kafin su kwanta.

Ganin wata: sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta mutanen Najeriya ce. Ke garin da kike za ki bi. Lokacin da Kuraibu, hadimin Ibnu Abbas, ya dawo Madina ya ce an ga wata a Sham daren Juma'a, Ibnu Abbas bai bar ganin mutanen Madina ba. Masallatan Ingila kansu sun rabu, wasu na bin Saudiyya, wasu Maroko, lokacin alfijir ma yakan bambanta a takardunsu. Ki zaɓi masallaci ɗaya na kusa da ke, ki ɗauka da su, ki ajiye da su, ko da Kano ta riga ku ko kun riga ta.

Zakkar fidda kai sa'i ɗaya ce, mudun Annabi huɗu. Taki tana kan maigidanki, yana iya fitar miki a Kano cikin abin da ake ci, amma ku yi maganar a fili don kada kowa ya zaci ɗaya ya yi. Ki gaya masa ranar da za ku yi idi a Bradford, ya fitar kafin nan. Kuɗin kayan azumin iyaye kuma ki tura a makon nan, kafin gero da sukari su ƙara tashi.