Me ya sa cuta ɗaya take yi wa mutum biyu kamu daban?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin kimiyyar halittu. An koya mana cewa sikila daga matsalar ƙwayar gado ɗaya tak take. To me ya sa wani ba ya rabuwa da gadon asibiti, wani kuwa sai ya shekara bai kwanta ba? Kuma mene ne nazarin saƙar alaƙa da nake ji ana yi a kan cututtuka?

Amsa: Malama, tambayoyin nan naki biyu amsarsu ɗaya ce. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu sarrafa furotin, kuma babu wadda take aiki ita kaɗai. Wannan ta kunna waccan, waccan ta danne wata. Masu nazarin saƙar alaƙa sukan zana kowane furotin a matsayin ɗigo, su ja zare tsakanin duk biyun da suke hulɗa, har abin ya fito kamar saƙar gizo. A 2007 masanin kimiyya Albert-László Barabási da abokan aikinsa suka fitar da irin wannan taswira ta cututtuka, suka nuna cewa ƙwayoyin gadon da ke jawo cuta iri ɗaya yawanci maƙwabtan juna ne a cikin saƙar.

Mu koma kan sikila. Gaskiya ne aibin yana cikin ƙwayar HBB, mai haɗa wani sashe na himogulobin, wato furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. Amma ɗan tayi yana da nasa himogulobin daban, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini, kuma bayan haihuwa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ce take rufe shi a hankali. Wanda jikinsa bai rufe shi gaba ɗaya ba, cutar takan zo masa da sauƙi. Ba shi ne kaɗai dalili ba, amma yana cikin manya. Abin da ya fi burge ni shi ne, maganin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 bai taɓa HBB ba ko kaɗan. BCL11A ya raunana, sai himogulobin na jarirai ya dawo ya rufa asiri.

A ciwon daji ma haka. Maganin vemurafenib yana toshe gurɓataccen furotin BRAF, mai isar da saƙon girma a cikin tantani, ya yi aiki sosai a wani nau'in kansar fata, amma da aka gwada shi a kansar hanji mai wannan aibin, bai taɓuka abin kirki ba. A 2012 aka gano dalili: ana toshe BRAF, sai tantanin hanji ya ta da wani furotin mai suna EGFR, saƙon girma ya bi ta wata ƙofar. Shi ya sa yanzu ake haɗa magani biyu a tare ƙofofin.

Sai dai ki yi hattara da taswirar nan. Ba ta kammalu ba, kuma furotin da aka fi nazari, irin su p53, sukan bayyana da zare fiye da kima, wani lokaci don kawai an fi leƙa su. Duk alaƙar da kwamfuta ta hango, sai an tabbatar da ita a ɗakin gwaji, sannan a jikin marasa lafiya, kafin likita ya rubuta magani a kanta.