Amsa: Me ya sa aka ɗora wa shugabannin addini alhakin jinin annabawa?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa Yesu ya ɗora wa malaman Attaura da Farisiyawa alhakin jinin annabawa a Matiyu 23, alhali kakanninsu ne suka kashe su.

A fahimtata, Yesu ya kama su ne da nasu halin. Suna gina kaburburan annabawa, suna ƙawata su, suna cewa da a zamaninsu ne da ba su sa hannu ba, amma ga wanda ya fi annabawa, wato Yesu kansa, tsaye a gabansu, suna ƙulla yadda za su hallaka shi. Wannan hali ya daɗe. Fashur, firist kuma babban jami'i a Haikali, shi ne ya doki annabi Irmiya ya sa shi a turu har ya kwana a ciki, Amaziya firist na Betel kuma ya kori annabi Amos ya ce ya koma Yahuza. Shugaban addini mai riƙe da mabuɗin sani, in ya ƙi shiga ya kuma tare ƙofa, laifinsa ya shafi duk waɗanda suka dogara gare shi, shi ya sa Yakubu 3:1 ya ce hukuncin masu koyarwa zai fi tsanani.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ƙarshen Matiyu 23, inda Yesu ya ce sau da yawa ya so ya tattara 'ya'yan Urushalima kamar yadda kaza take rufe 'yan tsakinta da fikafikanta, amma suka ƙi. Duk da haka ƙofar jinƙai ba ta rufe musu ba, domin Ayyukan Manzanni 6:7 ya nuna cewa firistoci da yawa sun ba da gaskiya daga baya.