Macpherson: Ɗan Limamin da Ya Zama Sunan Zuriya

Wani ɗalibin tarihi daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce yana karanta tsarin mulkin Macpherson na 1951, sai ya ji an ce "Mac" na farkon sunan daidai yake da "ɗan" na Hausa. Shin gaskiya ne?

Gaskiya ne, ɗalibina. Sir John Macpherson, gwamnan Nijeriya daga 1948, mutumin Sikotland ne, kuma sunansa daga harshen Gelik na mutanen duwatsun arewacin ƙasar ya fito. A harshen, "mac" ɗa ne namiji, ragowar sunan kuwa daga kalmar da ke nufin limamin coci. Da Bahaushe ne ya raɗa shi, Ɗanliman zai ce. Masu rubuta "Mc" gajartawa kawai suka yi. Mace kuma a Gelik "Nic" ake sa mata, kamar yadda mu muke cewa 'yar wane.

Mazaunin zuriyar shi ne Badenoch, wani yanki a duwatsun Sikotland, kuma zuriyar reshe ce ta babbar haɗakar dangi ta Chattan. Labarin da suka gada daga kakanni ya ce asalinsu wani Muireach ne, limamin cocin garin Kingussie a ƙarni na 12. Na ce labarin gado, domin a baki aka riƙe shi kafin a rubuta. Wanda tarihi ya fi riƙewa shi ne shugabansu Ewen na Cluny, da ya goyi bayan tawayen 1745 na neman mayar da gidan sarautar Stuart kan karagar Birtaniya. Bayan an murƙushe 'yan tawayen a yaƙin Culloden a 1746, ya yi shekara tara yana ɓuya a duwatsun ƙasarsa, mutanensa ba su tona shi ba, har ya tsallaka Faransa.

Inda muka rabu da su shi ne wajen gado. Su sunan ya daskare: jika da tattaɓa-kunne duk Macpherson ne, ko ba wanda ya taɓa limanci. Mu kuwa "ɗan" yakan tsaya kan mutum guda. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wato ɗan malami a Fulatanci, amma ɗansa Muhammadu Bello muke ce masa. Sai a gidaje irin na Alhassan Ɗantata laƙabin ya bi zuriya, kuma wannan ma zamanin rajista da takardun makaranta ne ya ƙarfafa shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne taken zuriyar Macpherson. Tambarinsu kyanwar daji ce, an rubuta gargaɗi cewa kada a taɓa kyanwar in ba ta sanye da safar hannu, wato lokacin da ta zaro farce. Wasu za su kira shi karin magana. Ni a wurina kirari ne, domin karin magana na kowa ne, kirari kuwa yana da mai shi, kamar yadda "ko da me ka zo an fi ka" yake na Kano ita kaɗai.