Shayi, ataya da maganar kofi uku

Wata mai zanen kayan ado daga Yamai ta rubuto cewa tana haɗa faranti da ƙananan kofuna masu ɗauke da zanen maƙeran Abzinawa domin wani gidan shan shayi, tana son sanin ko "shayi" za ta sa wa kayan ko "ataya", kuma ko daidai ne ta rubuta maganar nan da ke kwatanta kofi uku na shayi da mutuwa da rayuwa da soyayya a jikin farantin a matsayin karin maganar Hausa.

Hajiya, kalmomin biyu duk baƙi ne, kuma tushensu ɗaya, wato ƙasar Sin, sai dai hanya ce ta raba su. A yawancin harsunan Sin ana kiran ganyen "ca", wannan suna ne ya biyo ayarin fatake ta ƙasa, ya zama "cay" a bakin Farisawa, "shay" a bakin Larabawa, mu kuma muka ƙara masa wasali bisa al'adar harshenmu, muka ce shayi. Mutanen gaɓar Fujiyan, a kudu maso gabashin Sin, kuwa "te" suke cewa, kuma daga gare su ne 'yan kasuwar Holan suka ɗauka ta ruwa a ƙarni na 17. Masana da dama suna ganin daga wannan reshe "atay" na Maroko ya fito, ya ratsa Sahara tare da Larabawa da Abzinawa, har ya zama ataya a Senegal da sauran ƙasashen Sahel.

Wurin amfani ma ba su zama ɗaya ba. Shayi ya haɗa har da na mai tebur a bakin tasha, wanda yake zuba madara, ya yanka burodi, mutum ya sha a tsaye ya wuce. Ataya kuwa ba ta da gaggawa: koren ganyen Sin ne a 'yar buta bisa gawayi, mai dafawa yana ɗaga hannu sama yana tsiyaya daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, ya ɗanɗana, ya mayar, ya ƙara sukari. Wannan zama ne samarin Yamai da Tawa suke kira fada, kalmar da asalinta wurin zaman sarki da fadawansa ne, suka aro ta tun shekarun 1990 suka ɗora wa benci da tabarmar ƙofar gida. Idan wannan zaman kike nufi da kayanki, ataya ta fi dacewa, ko da yake a bakin Hausawanmu shayi ya fi yawo.

Game da kofi uku, wato na farko mai ɗaci kamar mutuwa, na biyu mai sauƙi kamar rayuwa, na uku mai zaƙi kamar soyayya, ban yarda a kira shi karin maganar Hausa ba. Mutanen Sahara ake danganta shi da su, jerin ma yana sauyawa daga baki zuwa baki. Karin maganarmu na dauri fura da tuwo da goro suka sani, domin shayi bai daɗe da shigowa ba, shi ya sa har yau tukuici "goro" ake ce masa. Ki rubuta maganar, ta yi kyau, amma ki ce ta Abzinawa ce. Idan kuma lalle sai ta Hausa, "mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa" za ta zauna daidai a gefen faranti, in maƙerin ya yarda da tsawonta.