Gida ya cika da baƙin Sallah: wa ke kula da yara?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Unguwar Dosa a nan Kaduna. Maigidana shi ne babba a gidansu, don haka duk Babbar Sallah a wurinmu ake haɗuwa. Hajiyarsu tana zuwa daga Zariya, ga ƙannensa da matansu, yara kuwa sai su kai goma sha biyu. Allah ya sani ina jin daɗin zuwansu. Amma bara autana sai da ya kwana a asibiti saboda gudawa bayan Sallah, kuma ranar da muka kai yara wurin shaƙatawa na Gamji 'yar ƙanwar mijina ta ɓace mana kusan rabin awa. Bana ma suna tafe. Yaya zan kiyaye yaran nan ba tare da dangin miji sun ce na cika iyayi ko ba na son baƙi ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ƙoƙari, Maman yara. Allah ya ƙara wa autan lafiya, ke kuma ya ba ki ladan riƙon zumunci, domin matar babban wa ba ƙaramin kaya take ɗauke da shi ba.

Bari in fara da yarinyar da ta ɓace a Gamji. Na tabbata ba rashin manya ne ya jawo ba, yawansu ne. Uwarta tana zaton tana wurinki, ke kina zaton tana hannun kakarta, kakar kuma ta ga ta bi yayyenta wajen lilo. Kowa ya gan ta ɗazu, ba mai kallonta yanzu. Irin labarin nan muke yawan ji a ɗakin yara na asibiti bayan Sallah da biki da suna. Ka tambayi iyaye wa yake wurin lokacin da abin ya faru, sai su ce ai duk muna wurin. Ranar da kike ke kaɗai da 'ya'yanki uku, idonki ba ya barin ƙaramin, don kin san in ba ke ba babu kowa. Ranar taro ce ranar da za ki fi jin tsoro.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne wajen tarbiyya. Wajen tsaro kuwa sai an ɗora shi a wuyan mutum ɗaya. Kafin ku fita daga gida, duk yaron da bai kai shekara 6 ba a ambaci wanda zai riƙe shi, a gaban kowa, da baki: wance, ke ce da wane. In za ta shiga bayan gida ko ta tsaya sayen wani abu, ta miƙa shi hannu da hannu, ta ce ga shi nan, wadda aka ba wa ta ce na karɓa. Kada ki raina wannan 'yar magana. Kuma kada a lissafa yarinya 'yar shekara tara cikin masu riƙo. Tana son ƙaninta, amma ita ma Sallah ta fito yi, da ta hango ƙawayenta ko mai awara hankalinta ya tafi.

A bakin ƙofa ki ɗauki hoton yaran gaba ɗaya da wayarki, da kayan da ke jikinsu. Ranar Sallah yara da yawa a gari atamfa iri ɗaya suke sawa, ga ankon gida, mai neman yaro cikin firgici kuwa sai ya manta launin rigar da shi da kansa ya sa masa. Ki rubuta lambar wayar manya biyu a takarda ki sa a aljihun kowane yaro, ƙanana kuma ki rubuta musu da biro a damtse. Yaran Zariya su ne abin ji, don ba su san gari ba, wasunsu ko sunan unguwarku ba su riƙe ba. Da kun shiga, ki nuna wa manyan yaran wuri ɗaya kusa da ƙofar shiga, ki ce duk wanda ya rasa mu ya zo nan ya tsaya, kada ya zaga nemanmu.

Ban ce ku daina zuwa Gamji ba. Wuri ne mai inuwa da fili, kuma can ne gadar Lugard take, wadda aka gina a Zungeru a 1904 kafin a kwaso ta zuwa Kaduna, abin da ya kamata yaro ya gani da idonsa. Sai dai wurin a gaɓar kogin Kaduna yake, Babbar Sallah kuma a 'yan shekarun nan farkon damina take faɗowa, lokacin da ruwa ya fara ƙaruwa. Ku je da hantsi ku dawo kafin la'asar, kafin samari su cika wurin. In da hali ma ku bari sai kwana uku ko huɗu bayan Sallah. Manyan yaran kuwa babansu zai iya ware musu wata safiya ya kai su gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC, su ga gumakan Nok na yumɓu, ko Arewa House da ke titin Rabah, inda Sardauna ya zauna. Ba turereniya a wuraren nan, amma a bincika ko sun buɗe, saboda hutun Sallah.

Yawon Sallah ma da iyakarsa. Su shiga maƙwabtan da kuka sani su karɓi goron Sallarsu, babba a gaba, a dawo kafin magariba. Tarin yara su tsayar da Keke Napep su kaɗai su nufi Tudun Wada ko Rigasa wai gidan gwaggo, wannan kam a'a.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba fita ba ne, tsakar gidanki ne ranar suyar nama. Ki duba yadda yake kasancewa: murhu biyu a ƙasa, tukunyar mai tana tafasa, wuƙaƙe a kan tabarma, baho cike da ruwan wankin kayan ciki, mata duk sun sunkuya, ga mai rarrafe yana kewaya tsakanin ƙafafu. Yaro ɗan shekara ɗaya nauyin kansa yana rinjayar jikinsa. In ya leƙa bokiti ya kifa, ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ya isa ya halaka shi, kuma ba zai yi kuka ba balle a ji. Don haka a zubar da ruwan baho da zarar an gama, a rufe durom da rijiya, a kuma fitar da mace ɗaya daga aikin nama gaba ɗaya, aikinta kawai ƙananan yara a cikin ɗaki ko a wani ɓangaren gidan. A riƙa yin karɓa-karɓa don kada ta ji an ware ta.

In tsautsayi ya sa mai ko ruwan zafi ya zuba wa yaro, a sa wurin a ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa, ana kwarara masa har minti 20. Ba ƙanƙara, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron girma, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, asibiti za a nufa bayan an sanyaya.

Kafin baƙi su iso ki zaga gidan kina kallon ƙasa-ƙasa, daidai tsayin ɗan shekara biyu. 'Ya'yanki sun san gorar lemon da ke bayan ƙofa kananzir ne ko fetur ɗin janareta. Ɗan baƙo bai sani ba, lemo ya gani. Haka fiya-fiya da maganin ɓera. In yaro ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin haɗarin shi ne ya shiga huhu. A tafi da shi asibiti da gorar a hannu. Jakar Hajiya ma a rataye ta sama, tunda galibin tsofaffinmu ba sa rabuwa da maganin hawan jini ko na ciwon sukari, ƙwaya kaɗan kuma tana iya galabaitar da ƙaramin yaro. Janareta kuwa ya kwana a fili nesa da taga, ko da ana ruwa. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, mutane suna barci yake ɗauke su.

Sai gudawar autanki. Yawan cin nama kaɗai ba kasafai yake kai yaro gadon asibiti ba. Abin da ya fi kai shi shi ne naman da ya daɗe cikin zafi, da miyar da ta kwana ba wuta aka ɗan ɗumama ta sama-sama, da hannaye goma sha biyu a kwano ɗaya ba sabulu, da zoɓo ko kunun aya na bakin titi da ba a san ruwan da aka yi shi da shi ba. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba sanyi ba zafi, wanda ya kwana kuma a tafasa shi sosai har ya yi tururi. Naman da za a adana a soya shi ya bushe ƙarau. Ki ajiye buta da sabulu a inda yara suke cin abinci, mutum ɗaya ya zuba musu ruwa, kada a haɗa su a roba ɗaya kowa ya tsoma hannu. 'Yan ƙasa da shekara 4 a yayyanka musu nama ƙanana, a cire ƙashi, a hana su gyaɗa da alawa mai tauri, kuma su ci a zaune, don gutsuren soyayyen nama yana shaƙe yaro.

In gudawar ta zo duk da haka, abin da yake kashe yaro ƙarewar ruwan jiki ne. Ki fara ba shi ORS, wato haɗin gishiri da sukari na leda da ake damawa da ruwa, tun daga zawon farko. Ki karanta jikin ledar, yawanci lita ɗaya ake haɗa ta da shi, wato ledar fiya wata biyu masu santilita 50. In babu, lita ɗaya na tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. Wanda bai kai shekara 2 ba, kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali a hankali. Wanda ya fi haka, rabin kofi zuwa kofi guda. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba miligiram 10. A ci gaba da nono da abinci. Za a sami wanda zai ce a sayo Flagyl ko kafso a kemis. Ki yi haƙuri ki ƙi, yawancin gudawar yara ba ta buƙatarsu. Amma in ido ya faɗa, ko maɗiga ta loɓa, ko ya ƙi sha, ko yana aman duk abin da ya shiga cikinsa, ko da jini a kashin, ko ya yi laushi yana ta barci, kada a jira gari ya waye.

Kwanciya ma sai an tsara ta. Damina lokacin sauro ne, yaran da aka shimfiɗa wa katifa a falo su ma suna buƙatar gidan sauro. A raba maza da mata, a raba manyan yara da ƙanana, kada kuma a tura ƙaramin yaro ya kwana a ɗakin samari don wuri ya yi kaɗan. Ba zargin kowa nake ba, amma yawancin yaran da ake ci wa zarafi, wanda suka sani ne yake yi. Nan ba ki da abin jin nauyi, don hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya yi umarni a raba wa yara makwanci in sun kai shekara 10.

Game da dangin miji, na fahimci damuwarki, kuma ba ƙaramar damuwa ba ce. Magana ɗaya ce, amma in daga bakinki ta fito za a iya cewa mulki, in daga bakin Hajiya ta fito ta zama umarni. Ki zauna da maigida tun kafin Sallah, ki tuna masa abin da ya faru bara, shi ya faɗa wa ƙannensa. Ke kuma daren da Hajiya ta iso, bayan ta ci abinci ta huta, ki same ta ki durƙusa ki ce: Hajiya, tun abin da ya faru a Gamji hankalina bai kwanta ba, jikokin nan naki sun yi yawa, ina so ke ki raba mana wanda zai riƙe wane. Da wuya kaka ta ƙi wannan. Ita ma ranar ta firgita, wataƙila fiye da ke, kuma kin ba ta girmanta. Ki fara da naki 'ya'yan wajen kowace doka, in an hana fita a hana su tare, in an wanke hannu su ne farko, don kada wata faccala ta ga kamar nata ake ƙyama. Duk da haka za a iya samun mai cewa kin cika iyayi. Ki yi murmushi ki ƙara mata nama, kada ki janye tsarin.

Tun kafin ranar Arfa ki sayi ORS da zinc da farasitamol na yara ki ajiye, don kemis da yawa ba sa buɗewa da safiyar Sallah. Daga Unguwar Dosa babban asibitin Kawo ne kusa da ku, ga kuma Barau Dikko a cikin gari in abin ya yi tsanani. Ku bar mota ɗaya da mai a ciki, kuma in maza za su fita rabon nama, a bar mutum ɗaya a gida wanda ya iya tuƙi, makullin yana hannunsa. Allah ya kai mu Sallar lafiya, ya tsare mana zuri'a.