Tambaya da Amsa: Tarihin Hulɗar Najeriya da Nijar

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kamba, jihar Kebbi, dangin mahaifiyata kuma suna Gaya, a tsallaken iyaka. Da aka rufe iyaka a 2023 ɗalibaina sun tambaye ni ko wannan ne karon farko da Najeriya da Nijar suka saɓa, na kasa ba su amsa mai gamsarwa. Ina roƙon a warware mini tarihin hulɗar jakadancin ƙasashen biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Ba shi ne karon farko ba, sai dai ya fi na baya tsanani.

Ya kamata ɗalibanka su fara sanin cewa zumunci ya girmi iyakar da nisa. A ƙarni na 19 Kabawan Argungu da Zabarmawan Dosso da Arawa da Dandawa ƙawance ɗaya suka ƙulla, tun daga zamanin Sarkin Kabi Yakubu Nabame. Turawa ne suka zo suka ja layi. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da layi daga Sayi zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi, a 1898 kuma suka zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, sai suka nemi gyara, aka yi shi a 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamomi. Wato ƙishirwar ayarin sojan Faransa na cikin abin da ya yanke wa mutane ƙasa, ba tare da an tambayi ko mai unguwa ɗaya ba. Haka Arawan Kangiwa suka wayi gari a wata ƙasa, 'yan'uwansu na Dogondutsi a wata.

Hulɗar gwamnati da gwamnati ta fara ne a 1960, Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta, Najeriya ranar 1 ga Oktoba. Jarrabawar gaske ta zo a yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970. Faransa ta karkata ga Biyafara, ƙasashe irin su Kwaddibuwa da Gabon har sun amince da ita, amma Shugaba Diori Hamani na Nijar ya tsaya tare da gwamnatin Janar Yakubu Gowon, kuma Yamai ce ta karɓi zaman neman sulhu a Yulin 1968. Ga ƙasa matalauciya da ke dogaro da taimakon Faransa, wannan ba ƙaramin hali ba ne, kuma ina jin takaicin yadda littattafan makarantunmu ba su ba shi muhimmancin da ya dace. Bayan yaƙin, a 1971, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu mai mazauni a Yamai, a 1975 kuma dukansu suka kasance cikin waɗanda suka kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Legas.

Wani ginshiƙin yana nan kusa da kai. Kogin Neja ta Nijar yake biyowa kafin ya shigo Kebbi ya cika madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, kuma layin lantarkin da ke kai wuta Yamai daga Birnin Kebbi yake tashi. Ruwa na gangarowa, wuta na hawa, kowa na da abin da yake tsoron rasawa a hannun ɗan'uwansa.

Saɓani kuwa kusan kullum a iyaka yake bayyana. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki ana cikin fari, hatsi ya daina ƙetarawa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Sai a 1986 aka buɗe. An sake rufewa a Agustan 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, kuma kai shaida ne cewa ko da aka buɗe ta Illela a Disambar 2020, ta Kamba sai a Afrilun 2022.

Na 2023 ya bambanta domin ya haɗa komai wuri ɗaya. Sojojin Nijar sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wuta, aka kuma yi barazanar yaƙi. Juyin mulki ba abin yabo ba ne, amma a ganina yanke wutar kuskure ne babba, domin wanda ya ji jiki shi ne majinyaci a asibiti, da direban da ya kwana makonni ƙarƙashin motarsa a bakin boda yana kallon albasa tana ruɓewa. Abin lura shi ne waɗanda suka iya buɗe ƙofar magana: Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, da tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, wadda jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, ya zauna da ita. Alaƙar addini da sarauta da ta girmi ƙasashen biyu ce ta yi aiki a inda wasiƙun jakadanci suka kasa.

An janye takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris, amma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya, Yusuf Tuggar, ya je Yamai, inda ɓangarorin biyu suka amince su farfaɗo da hukumar nan ta 1971.

Shawarata, Malam, ka kai taswira aji, ka sa kowane ɗalibi ya nuna garin kakanninsa kafin ka nuna musu layin 1906. A gaishe mana da dangi na Gaya.